Sawu Biyu a Kan Kowane Mataki

Ranar Laraba labarin ya same ni, ina kwashe shanya a guje. Hadari ya haɗu tun bayan azahar, amma ban damu ba, don jiniya ba ta yi kuka ba. Shekara biyu ke nan da muka saba da ita. Akwai na'ura a saman tankin ruwan unguwarmu da ke jin tsawa tun tana nesa. In ta matso kusa sai jiniya ta ɗauka, kowa ya bar fili ya shiga ɗaki, ba a fitowa sai an yi rabin awa ba a sake jin wata ba. Ni da ita nake sanin lokacin kwashe wanki.

Ran nan sai kawai haske ya cika tsakar gida, ƙara ta biyo shi nan take kamar an tsaga ƙasa. Bokitin hannuna ya faɗi. Na ce a raina, wannan ba ta sauka nesa ba.

Ba a jima ba mai injin kwaɓa siminti ya shigo ba sallama, jiƙe sharkaf, yana jan ƙafarsa da ya saba ɗingisawa. Ya tsaya yana kallon ƙasa.

Na ce, "Faɗi mana."

Ya ce, "Uwar gida, sai haƙuri. Babban Magini ne."

Haka suke kiran mijina. Shi ne shugaban magina a wani bene da ake ginawa a tsallaken titi, daura da tankin. Ran nan suna zuba kankaren rufin sama, su goma sha huɗu, a tsakanin rodi tsaye birjik. Tsawa ta sauka a kan rodin da ke kusa da shi. Ko shurawa bai yi ba, in ji su. Wani lebura mai 'ya'ya uku ya ƙone a gefe guda, kunnensa ɗaya ya toshe.

Washegari aka hau tankin aka tarar an zare wayar jiniya.

Mai kula da na'urar ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Gyaran wayar hannu yake yi a kasuwa, ofishin yanayi suka koya masa goge farantin sola da duba batir. 'Yan unguwa suna tsokanarsa da Injiniya. Abin da ya ɓata lamarin shi ne, ana gobe abin zai faru, sun yi cacar baki da mijina a ƙofar gidanmu, mutane na ji. Sau uku a makon nan jiniya ta sauko da magina daga aiki, sau ukun hadarin yana wucewa ta gefe ko ɗigo babu.

Mijina ya ce, "Injiniya, wannan akwatin naka maƙaryaci ne. Ko akuya ta yi atishawa sai ya yi ihu."

Ƙanena ya ce, "Yaya, ranar da zai yi shiru za ku san amfaninsa."

Kalmar nan ita ta zama igiya a wuyansa. Kafin la'asar ɗin Alhamis duk unguwa ta gama yanke hukunci: shi ya zare wayar don ya nuna wa mijina iyakarsa. Wan mijina, wanda muke kira Yaya Babba, ya tsaya a gaban masu gaisuwa ya ce ba zai kwanta ba sai an ɗaure shi. Aka jefi rumfarsa ta kasuwa. Ya gudo gidana ya shige ɗakin yara ya turo ƙofa. Sufeton 'yan sanda ya zo ya ce ya ba shugaban unguwa zuwa Lahadi, in ba a fito da wani ba, zai tafi da ƙanena, ko don kada a kashe shi.

Na shiga na same shi zaune a kan katifar yara. Na ce, "Dubi idona. Kai ne?"

Ya ce, "Yaya, har ke?"

Gaskiya ita ce har ni. Ina kai masa abinci ina kallon hannuwansa.

*

Akwai wani tsoho mai sayar da igiya a bakin kasuwa, ana ce masa Mai Sawu. Da ƙuruciyarsa shi ake ɗauka in an saci dabbobi, ya bi su kwana da kwanaki. Ranar Juma'a da safe na yafa mayafi na tafi wurinsa. Mata suna ta cewa mai sabon rashi ba ta yawo. Na ce mai sabon rashi ba ta so ta yi na biyu.

Ya saurare ni yana tufka igiya. Da na gama ya ce, "'Yata, ruwa kamar da bakin ƙwarya aka yi, kuma ƙafa ɗari ta tattake wurin. Me kike so in gani?"

Na ce, "Abin da ya rage."

Ya ce, "In na samo, ba na mayarwa fa. Sawu ba ya duba fuskar wanda ya aiko ni."

Na ce na ji.

Gidanmu ya fara zuwa, ya ce yana son ganin takalman ƙanena. Ƙofarmu matakai uku ce, mijina ya zuba su da hannunsa. Tsohon ya daɗe tsaye yana kallonsu kafin ya hau, na zaci gajiya ce. Ya juya takalman ƙanena ya shinshina, ya ajiye. Zai fita idonsa ya sauka bayan ƙyaure, inda na jingine dogayen takalman robar mijina da aka kawo mini tare da awon ruwansa na duba daidaiton gini da cokalin gininsa. Bai taɓa su ba. Ya ce, "Allah ya jiƙan mai su," ya fita.

*

Shugaban unguwa ya ce a fara da mai sayen tsofaffin ƙarafa, don kowa ya san waya ba ta kwana lafiya kusa da shi. Muka same shi a bayan sikelinsa. Ya ga Mai Sawu ya ɗaga hannu biyu.

"Baba, in cokali ya ɓata a garin nan ni ne, in mota ta ɓata ni ne. Saura a ce ni na saci tsawar."

"An ce ka taɓa taya batirin."

"Na taya. Taya haram ne? Na tambayi Injiniya in ya mutu ya tuna da ni. Nawa aka yanka na wayar?"

Mai Sawu ya juyo ya tambayi shugaban unguwa, shi ma bai sani ba. Ashe duk wannan hayaniyar, mutum ɗaya ne ya hau ya leƙa ya sauko. Mai ƙarafa ya yi dariya ya ce, "Ku je ku duba. In akwai sauran taku ɗaya na jan ƙarfe a wurin, ku wanke ni. Ba na barin aiki rabi."

*

A gindin tankin muka tarar da wata ma'aikaciya daga ofishin yanayi, da ƙaramar kwamfuta a kan gwiwarta. Ta yi mini gaisuwa, ta ce na'urar lafiyarta ƙalau. Ta nuna mana layuka da ban iya karantawa ba, ta fassara mana. Na'urar ta ji tsawa ta farko ƙarfe uku saura kwata, tana nesa sosai. Uku da minti biyar ta matso cikin iyakar da aka sa mata, na'urar ta ba jiniya umarni. Ta sake ba ta. Ta sake. Wadda ta kashe mijina ta sauka uku da minti arba'in.

Na ce, "Minti talatin da biyar?"

Ta ce, "Eh, Mama."

Saukowa daga benen nan ba ta cin minti uku. Na dafa ƙarfen tankin.

Ta ƙara da cewa da ƙarfe takwas na safen Larabar jiniyar tana haɗe, don na'urar takan gwada layin da kanta. Mai Sawu ya tambaya ko tana iya sanin wanda ya zare. Ta ce, "Baba, ita sama take saurare. Ba ta san mutane ba."

Ya ce, "To ni ƙasa nake saurare."

Tsanin tankin na ƙarfe ne, matakansa masu faɗi kamar tafin hannu biyu, ya bi ta ƙarƙashin cikin tankin ya kai wani ɗan dandamali inda jiniyar take. Tsohon ya cire takalmansa ya hau a hankali, yana tsayawa a kowane mataki yana shafawa da yatsa. Ya daɗe a sama har wuyana ya gaji. Da ya sauko ya zauna a kan dutse ya nemi ruwa.

Ya ce, "A bar mai ƙarafa ya sarara. Ba a yanka wayar ba. Kwance ta aka yi, aka naɗe bakinta da jan salatif tsaf don kada ruwa ya shige ta, aka maƙale ta inda hannu zai kai. Ɓarawo ba ya yi wa waya gata. Mai ƙeta ma haka. Wanda ya yi wannan niyyar dawowa yake da ita ya mayar."

Da ya ce jan salatif sai na tuna. Muna da irinsa a gida, da shi aka naɗe wayar dutsen gugata. Na ce a raina kowane shago ana sayar da shi.

Shugaban unguwa ya ce, "Ai Injiniya ne ya iya irin wannan aikin."

Mai Sawu ya ce, "Zo ka gani." Ya nuna masa mataki na bakwai, na takwas, har sama, inda tankin ya kare su daga ruwa. Akwai tabo fari-fari a kansu, ya ƙanƙare kamar dutse. "Ruwa ya wanke sawun kowa a ƙasa. Amma wannan mutumin daga cikin ɗanyen kankare ya fito, ya tsallako titi, ya hau. Siminti ya riƙe mana shi. Ƙarfe nawa aka fara zubi?"

"Goma."

"To bayan goma ne. Injiniya ya taɓa shiga kankare?"

Na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Sai tsohon ya ci gaba, yana magana da shugaban unguwa amma ni yake kallo.

"Takalmin roba ne irin wanda duk maginan suke sawa, ba a bambance shi da zane. Amma dubi hawan. Mai lafiya ƙafa ɗaya yake sawa a mataki, ɗayar ta wuce na gaba. Wannan kowane mataki sawu biyu ne. Dama ta hau, hagu ta zo ta same ta. Dama ta hau, hagu ta same ta."

Dutsen da aka sauke mini ya dawo, ya fi na da nauyi.

*

Ranar Asabar muka je asibiti wurin leburan da ya ƙone. Sai an yi masa magana ta kunnen dama da ƙarfi. Matarsa tana zaune tana masa fifita, ba ta amsa gaisuwata ba.

Mai Sawu ya ce, "Wa ya sauka daga benen bayan an fara zubi?"

"Kowa yana sauka, Baba. Fitsari, ruwa."

"Wa ya tsallaka titi?"

Ya ce shi kansa a ƙasa yake, kwano a ka, ba ya kallon titi. Sannan ya ce mai inji ya ɓace na ɗan lokaci wajen sha ɗaya, har kwaɓi ya tsaya, Babban Magini ya sauka nemansa.

"Da kuka ga hadari fa?"

"Mun gani. Na ce, Shugaba, sama ta ɓata rai. Ya ce, ka ji jiniya? Na ce a'a. Ya ce to zuba, saura kusurwa ɗaya." Ya juyo wurina. "Ki yi haƙuri, uwar gida. Mutumin kirki ne. Da akwatin nan ya yi kuka da shi zai fara korar mu ƙasa."

Muka kamo hanyar dawowa har muka zo kwanar gidanmu. Mai Sawu ya tsaya.

"'Yata, gobe zan sa su hau tsani ɗaya bayan ɗaya. Abin da na gani zan faɗa. Rayayyu kawai zan iya sawa su hau."

Na ce, "Me kake nufi, Baba?"

Ya ce, "Matakan ƙofarku sun cinye a tsakiya daidai wa daida, dukkan ukun, irin cin da ƙafa biyu ke yi wa mataki ɗaya. Ban ce komai ba. Sai gobe."

Na shiga gida na buɗe akwatin kayan aiki. Jan salatif ɗin ba ya nan. Na ɗauko awon ruwan da cokalin, na zazzage jakar da aka kawo su a ciki. Yana ƙasanta.

Na zauna a bakin gado na tuna safen Larabar. Yana ɗaure ƙyalle a gwiwarsa ta hagu kamar kullum, yana cewa, "Kin san kankare ba ya jiran mutum. In aka tsaya rabi ya sha iska, sabon ba zai kama tsohon ba. Rufin ya samu tabo ke nan, ya yi ta yoyo har jikokin mai gidan. Shekara ashirin da shida ban taɓa raba zubi ba." Na ce, in jiniya ta yi fa? Ya yi dariya ya ce, "Yau sai mun gama."

Daga ɗakin yara ina jin ƙanena yana koya wa autata lissafi a hankali, don kada a ji muryarsa a waje. Babbar 'yata ta leƙo ta ce, "Umma, gobe za a kama wanda ya kashe Baba?" Na ce ta je ta ɗora ruwa.

*

Lahadi da hantsi aka taru a gindin tankin. Sufeto yana nan da motarsa, ƙanena a bayanta tsakanin 'yan sanda biyu. Magina goma sha biyu a jere cikin takalmansu. Yaya Babba a gaba, idonsa jajir. Na tsaya a baya cikin mata, hannuna a ƙarƙashin mayafi.

Mai Sawu ya yi bayanin simintin. Ya ce kowa ya hau mataki goma ya sauko. Bai faɗa musu abin da yake dubawa ba. Suka yi ta hawa kamar birai, ƙafa ɗaya a mataki. Wani ma yana tsallake biyu, aka ce masa ba gasa ake ba.

Mai inji ne na ƙarshe. Ya taho yana jan ƙafa, sai guna-guni ya tashi. Shugaban unguwa ya riga ya tsegunta wa mutane zancen ƙafa. Yaya Babba ya ce, "Ga shi nan. Shi ya ɓace da sha ɗaya. Injiniya ya aike shi."

Mai inji ya ce, "Yaya, mai na je saya. Inji ya shanye."

"Wa ya gan ka?"

Mai inji ya hau. Ɗingishinsa a ƙugu yake, a kan tsani ƙafa ɗai-ɗai ya sa kamar kowa. Mai Sawu ya ce, "Ba shi ba ne." Amma ba wanda ya ji. Wani ya riga ya riƙe masa riga, wani ya ɗauki guntun rodi. Sufeto ya ce to zai tafi da su biyun, a ƙarasa maganar a ofis. Ya buɗe ƙofar mota. Ƙanena ya waiwayo yana nemana cikin mata.

Mai Sawu bai kalle ni ba. Ya zauna a kan dutsensa yana kallon ƙasa.

Na ce, "Ku dakata."

Ban san muryata tana da ƙarfi haka ba. Na fito na ajiye jan salatif ɗin a kan bonet ɗin motar. Na ce wa Yaya Babba, "Yaya, ka je ka dubi mataki na bakwai da idonka. Sawu biyu ne a kowane ɗaya. Dama ta hau, hagu ta same ta. Kai ka goyo shi zuwa wurin mai ɗori ranar da ya faɗo daga kan katanga. Kai ka fi ni sanin wa ke hawa haka."

Ya tsaya yana kallona kamar bai san yaren ba. Sannan ya je ya hau. Ya sa hannu a kan tabon ya daɗe. Da ya sauko ya zauna a ƙasa cikin taɓo, babban mutum, ya rufe fuska da hularsa.

Sufeto ya tambaye ni takalman mijina. Na aiki babbar 'yata ta ɗauko, na yi nadamar aikenta tun kafin ta dawo. Mai Sawu ya ɗora su a kan sawun. Suka zauna daram, har da ɗan yankan da ke dugadugin hagu.

Ya ce, "Ba don ya cuci kowa ya yi ba. Ya so ya gama zubinsa ya dawo ya mayar. Shi ma a saman yake tsaye."

Matar leburan tana cikin taron. Ta ce, "Kunnen mijina fa? Shi ma zai dawo ya mayar?"



*

Aka saki ƙanena a wurin. Bai zo wurina ba, ya wuce kai tsaye ya hau tankin ya kwance salatif ɗin ya haɗa wayar. Ya yi wata biyu ba ya cin abinci a gidana. Ranar da ya dawo ya ce, "Yaya, akwai saura a tukunya?" Shi ke nan, ba mu sake tayar da zancen ba.

Rufin benen an fasa shi an sake zubawa, don kusurwar nan ɗaya ba a gama ta ba. Ofishin yanayi sun sa keji da kwaɗo a tsanin. Wasu a dangin mijina har gobe suna cewa na tona asirin mamaci. Yaya Babba yakan zo duba yara, ya tsaya daga waje. 'Yata ta tambaye ni ko babanta mugu ne. Na ce mata a'a, mutum ne da ya fi yarda da hannunsa a kan akwati, kuma sau uku akwatin ya ba shi dalili.

Yanzu in jiniya ta yi, ko rana ta take tsaka, ina kwashe yara in rufe ƙofa, in ƙirga rabin awa cif.

Ban san ranar da na fara ɗayan abin ba, autata ce ta lura. Ƙafafuna lafiyarsu lau. Amma kullum in na dawo daga ɗiban ruwa na zo matakai ukun nan na ƙofa, dama nake ɗorawa, in jira hagu ta zo ta same ta, sannan in hau na gaba.